Wanda ya bi shawarar "likitan waya" ya kwanta, wa za a kama?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon lauyoyi da likitocin cikinmu su tanka, kada a bar ni da "Allah ya sawwaƙe" kawai.

Kawuna tsohon malamin firamare ne a Tudun Wada, ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, amma yana shan maganinsa, yana zuwa asibiti ranar da aka ba shi. Kwanaki wani ɗan ƙanwarsa ya turo bidiyo a guruf ɗinmu na dangi. Wani mutum ne da farar riga, yana kiran kansa Dakta, yana cewa ƙwayoyin suga na asibiti su ke kashe ƙoda, a ajiye su, a dafa shuwaka da garahuni a riƙa sha da wani gari da yake sayarwa. Kawu ya tura kuɗi, aka aiko masa da garin ta tasha, ya ɓoye ƙwayoyinsa bai gaya wa kowa ba. Yanzu yana kwance a asibitin Shika, ƙafa ta yi gyambo har ana maganar yanke yatsu, ƙodar ma an ce ta taɓu.

Da muka koma shafin mutumin sai ga ɗan rubutu can ƙasa da Turanci, wai bayanan don faɗakarwa ne kawai, a tuntuɓi likita, ba su ɗauki alhakin komai ba. To a doka wa ke da alhaki? Mai bidiyon, yaron da ya turo, kamfanin manhajar, ko kawu da kansa? Kuma wannan ɗan rubutun ya isa ya wanke mutum?

Maman_Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba kawu lafiya, ya sa kaffara ne. Amma don Allah ku ƙyale yaron nan, taimako ya yi niyya. Duk cikinmu wa bai taɓa tura irin wannan ba?

Dan_Kwangila: Kotu kuma? Kuɗin lauyan ku haɗa ku ajiye saboda wankin ƙoda in ta kai ga haka. Shawara ce kyauta.

Barista_Kongo: Abban Hanifa, Allah ya ƙara sauƙi. Zan faɗi abin da doka ta ce a dunƙule, ba wai na zama lauyanku ba (kun ga ni ma na fara wanke kaina).

Ƙarar sakaci ba ta tsayawa sai an nuna cewa wanda ake ƙara yana da nauyin kula da kai, ya yi wasa da nauyin, ka cutu, kuma wasan nasa ne ya jawo cutar. A kan na farkon yawancin irin waɗannan ƙararraki suke faɗuwa. Likitan da ya buɗe maka kati ya duba ka, nauyinka na wuyansa, babu gardama. Amma wanda ya tsaya ya yi wa duniya jawabi, bai san ko kai wane ne ba, kotuna ba su cika ɗora masa nauyin kowane mai sauraro ba. A Amurka an yi wata shari'a a 1991. Mutum biyu suka bi wani littafi na bayanin naman kaza, suka tsinko mai guba suka ci, sai da aka yi musu dashen hanta. Suka kai kamfanin da ya buga littafin ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin ba shi da nauyin tantance gaskiyar abin da marubuta suka rubuta. Ba dokarmu ba ce, amma tunanin alƙalai kan bi wannan hanya.

Sai dai naku ya sha bamban, domin mutumin nan kaya ya sayar, kuɗi ya karɓa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallar ƙarya, ta kuma hana mai kaya ya fake da sanarwa idan kayansa suka cutar da mai amfani da su. Tambayata ɗaya: kawu ya yi magana da shi kai tsaye? Ya gaya masa maganin da yake sha, shi kuma ya ce ya daina?

Abban_Hanifa: Barista, sun yi. Akwai saƙonnin murya a wayar kawu. Har hoton takardar gwajin suga ya tura masa, mutumin ya ce ya ajiye na asibiti domin in an haɗa biyu ba zai yi aiki ba.

Barista_Kongo: To kada a goge ko ɗaya. A kwafe su a wata wayar, a ajiye shaidar tura kuɗi, a nemi rahoton likita a rubuce. Tun 1963 babbar kotun Ingila ta kafa wata ƙa'ida da kotunanmu ma ke bi: wanda ya nuna shi gwani ne, ya ba takamaiman mutum shawara, ya kuma san da ita mutumin zai dogara, nauyi ya hau kansa. A waccan shari'ar banki ne, kuma sanarwar wanke kai ta cece shi, saboda tana jikin amsar da ya bayar. Naku kuwa rubutun na can ƙasan shafi da Turanci, umarnin kuma ya shigo kunnen dattijo da Hausa. Da wuya alƙali ya yarda cewa wancan ya shafe wannan.

Famasis_Samaru: Ƙari a kan na Barista. Tun kafin a je batun diyya, tallar ita kanta laifi ce. Dokar Abinci da Magunguna tana da jerin cututtukan da aka hana a tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da su. Ciwon suga na ciki, hawan jini, kansa, farfaɗiya, ciwon ƙoda, har da rashin ƙarfin maza. Ku tuna yawan lasifikar da ke tashoshinmu ku auna yadda ake bin dokar.

Sannan mutane na ruɗuwa da lambar NAFDAC. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L. Abin da take nufi shi ne an gwada an ga ba zai yi illa ba in an sha yadda aka ce, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalba ba. Shi ya sa ake rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba, amma wa ke karantawa? Abban Hanifa, duba mana garin, akwai lamba ma kuwa?

Abban_Hanifa: Babu. Farar roba ce, an manna takarda mai lambar waya da "cokali ɗaya safe da yamma".

Famasis_Samaru: Ku adana ragowar, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin NAFDAC na Kaduna, suna da ɗakin gwaji a can. A ƙasashe da dama an sha kama irin wannan gari an daka ƙwayoyin asibiti an zuba a ciki ba awo, don mai sha ya ga "aiki" da wuri. Likitocin da ke duba kawu ma ya kamata su san abin da ya sha.

Likita_Hanwa: Abin da ya sa irin wannan bidiyo ke cin mutane shi ne akwai ɓurɓushin gaskiya a ciki. Metformin, ƙwayar da aka fi ba masu suga, ta ƙoda take fita daga jiki. In ƙoda ta yi rauni sai mu rage ta ko mu dakatar, don kada ta taru a jini. Majinyaci ya ji an ce "daina wannan saboda ƙodarka", sai ya fita yana cewa ai ƙwayar ce ta ci ƙodar. Alhali suga da hawan jinin da ba a kula da su ba, su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya. A hankali suke cin ƙananan jijiyoyin jini, na ƙoda, na ido, na ƙafa, kuma babu zafi, shi ya sa mutum zai ajiye magani ya yi makonni yana cewa garau yake ji. Masu taɓa ƙoda na gaskiya da mutane ke watsawa kamar gyaɗa su ne diclofenac da ibuprofen, musamman haɗin gajiya da ake ƙullawa a leda a kemis.

Game da farar riga kuma, duk wanda bai da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, ya riƙa aikin likita don a biya shi, ko ya ɗauki sunan da zai sa a zaci shi likita ne, ya aikata laifi a dokar likitoci. In kuwa likitan gaskiya ne, an ma fi samun sauƙi, domin hukumar tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, za a iya ƙwace lasisinsa.

Mai_Kemis_Sabo: Likita, kada a shafa mana kashin kaji. Ni ina da lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ina sabunta shi. Kuma yanzu matsalarmu ita ce wayar nan. Mutum zai zo ya miƙo maka hoton magani ya ce wannan nake so, a intanet na gani. Ka ce sai da takardar likita, ya ce ka cika iyayi, ya wuce shagon gaba. 'Yan mata kuwa kullum sai an tambaye ni "sha ka fashe". In ka ce musu dexamethasone ne a ciki, kumburi ne ba ƙiba ba, kuma yana tada suga da hawan jini, sai su ce ai wata Anti ce a TikTok ta ce ba komai.

Jikan_Wanzami: Ni abin da ke ba ni haushi, duk lokacin da aka yi irin wannan sai a yi mana kuɗin goro. Gidanmu a cikin Birni an gaji magani kaka da kakanni, kuma ban taɓa jin mahaifina ya ce wa mai suga ya jefar da allurarsa ba. Maganin maleriyar da kuke taƙama da shi ba daga tazargade aka ciro shi ba? Matar da ta gano shi 'yar Chana ce, har kyautar Nobel ta samu a 2015. Wancan mai farar rigar ɗan damfara ne, kada a haɗa shi da mu. Ai da magani ya gada ba zai ari rigar likita ba.

Famasis_Samaru: Yaya Jikan Wanzami, batun tazargade gaskiya ne. Metformin ɗin ma asalinta wani tsiro ne na Turai. A nan gida cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Inda muka rabu shi ne awo. Ganyen da aka tsinka a fadama da wanda aka tsinka a tudu ba ƙarfinsu ɗaya ba, wanda ya bushe a rana da na inuwa ma haka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayin tazargade ba, domin ƙarancin awo yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Shuwaka kuma a ci ta a miya lafiya lau, amma ba za ta maye insulin ba.

Malam_Na_Kusfa: Assalamu alaikum. Na ga ana ta kawo Ingila da Amurka, to mu ma muna da abin cewa. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi mai lamuni ne. Wato abin da ya ɓata, biyansa na kansa. Malamai suka ce gwanin likita da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda masana suka sani, ƙaddara ta faɗa, babu komai a kansa. In kuskuren hannu ya yi, akwai diyya. Jahilin da ya kutsa kuwa, bayan diyya hukuma za ta ladabtar da shi.

Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta ruɗi na baki da ruɗi na aiki. Mashahurin zance shi ne ruɗin baki zalla ba ya wajabta biya, sai in ya haɗu da ƙulla ciniki. To mai garin nan ya ƙulla ciniki. Yaron da ya tura bai ƙulla ba.

Maman_Khalifa: Kun ji ko? Allah ya gafarta Malam, ai na faɗa, yaron ba ruwansa.

Malam_Na_Kusfa: Hajiya, ban ce ba ruwansa ba. Cewa na yi alƙali ba zai sa shi biya ba. Amma Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a yi bincike kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ya je ya nemi afuwar kawunsa, ya kuma koma duk inda ya tura ya warware.

Gwaggon_Yara: Ku yara kun manta daren gishiri? Watan Agusta 2014, lokacin Ebola. Tsakar dare waya ta yi ta ƙara, ƙanwata daga Kaduna, ɗan mijina daga Abuja, kowa na cewa a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Unguwarmu kaf aka hura wuta, har masu digiri. Aƙalla mutum biyu aka ba da rahoton sun rasu a ƙasar nan, wasu da dama aka kwantar. Ebolar kuwa ko Arewa ba ta leƙo ba. Wa ya biya diyyar waɗancan?

Dan_Kwangila: Gwaggo, ga na 2020 ma. Trump ya yabi chloroquine a matsayin maganin korona a watan Maris, kafin ka ce kwabo asibitocin Legas sun fara karɓar waɗanda suka sha ya yi musu yawa. A kai Trump ƙara kotun majistare ta Zariya ke nan?

Barista_Kongo: Dan Kwangila ba ka rabo da tsokana. Amma tambayar Gwaggo tana da amsa. Akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka, ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne don tada hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Kalmar da ke riƙe da komai ita ce "ya san". Wanda ya tashe ki da dare ya yi imani ceton ranki yake yi, don haka ba zai shiga ba. Kuma a gaskiya wannan sashe an fi ganin sa a wuyan 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har kotun ECOWAS ta taɓa cewa tsohon lafazinsa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Ni ba na murna in ga an ƙara faɗaɗa shi da sunan kiwon lafiya.

Baba_Na_Wusasa: 'Ya'yana, kada ku ga wautar talaka in ya ji an ce maganin bature na kisa ya yarda. Abin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa jita-jitar allurar foliyo ta samu shiga a 2003, har Kano ta dakatar da rigakafi zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa ƙasashe. Mai bidiyon nan a kan wannan tsohon miki yake cin abinci.

Famasis_Samaru: Baba ya tuna min da My Pikin, maganin haƙoran jarirai na 2008 da aka samu gubar diethylene glycol a ciki. Yara 84 suka rasu, har nan Zariya an kwantar da wasu. A 2013 kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7. An kai ga haka ne saboda akwai masana'anta, akwai lambar rukuni a jikin kwalba, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai farar roba fa?

Barista_Kongo: Yana da ƙofa, asusun bankin da aka tura wa kuɗi. Asusu na da BVN, layin waya na haɗe da NIN. Da umarnin kotu banki zai bayyana mai shi. Sai dai in asusun wani yaro ya ara, wanda ya zama ruwan dare.

Amaryar_Gyallesu: Ni fa zan faɗi abin da ba a so. Kuna ta zagin waya, amma me ya kai mutane can? Ka yi sammako ka je asibiti, ka bi layin kati, ka bi layin likita, in ka shiga bai ɗago kai ya dube ka ba ya rubuta ya ce na gaba. Ka tambayi me ke damunka ya ce ka je ka sha magani kawai. Likitocin ma da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila. Mai bidiyo kuwa zai zauna ya yi maka bayani da Hausa, ya kira ka Baba, ya amsa saƙonka da dare. Kuma ba duka ne sharri ba. A Facebook wata nas ta yi bayanin alamun haɗari ga mai ciki, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, gani dishi-dishi. Da shi na gane halin da yayata ke ciki na matsa aka kai ta, aka ce saura kaɗan jijjiga ta kama ta.

Likita_Hanwa: Amarya, ban musa ba. Marar lafiya yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, yana cikin kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018. Amma ki lura da bambancin nas ɗinki da mutumin kawu. Ita ce muku ta yi ku ruga asibiti, shi ko cewa ya yi a bar asibiti a zo wurinsa da kuɗi. Ni da wannan nake fara auna kowane shafi. In mai bayani shi ne mai sayarwa, in magani ɗaya na warkar da suga da basir da sanyi da rashin haihuwa, in an ce "sirrin da likitoci ke ɓoyewa", na gama da shi. Sai kuma cikakken suna da wurin aiki da za a iya bincika, da ranar da aka yi bayanin, domin shawarar likitanci tana canzawa.

Ummu_Sadiq: Haka ne. Ni ma a waya na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari na gudawa, cokali shida na sukari, cokali biyu na gishiri a lita ɗaya.

Nas_Danmagaji: Ummu Sadiq tsaya! Rabin ƙaramin cokali ne na gishiri, ba biyu ba. Sukari ƙaramin cokali shida a shafe, ruwa mai tsafta lita ɗaya. Gishiri in ya yi yawa zai iya sa jariri jijjiga. Mafi alheri ki sayi ORS na leda ki haɗa da zinc. Don Allah ki goge saƙon nan kafin wani ya kwafa.

Ummu_Sadiq: Na goge, Anti.

Dan_Kwamfuta: Ni yanzu ChatGPT nake tura wa sakamakon gwaji ya fassara min, kuma yana ƙoƙari. Shi in ya ɓatar da ni wa zan kama?

Likita_Hanwa: Don fahimtar kalmomin takarda ba laifi, amma ba ya taɓa cikinka, ba ya ganin idonka ya yi fari, kuma in bai sani ba ma da ƙarfin gwiwa yake amsawa. Tun kafin zuwansa, a 2015 masu bincike na Harvard sun gwada manhajoji 23 masu tantance cuta daga alamu, suka samu sau 34 cikin 100 kawai suke sa cutar gaskiya a farko. Na yanzu sun fi waɗancan, amma yawancin abin da suka koya ba daga majinyatan da ke zaune cikin maleriya da taifot da sikila ba ne.

Barista_Kongo: Dan Kwamfuta, ranar da ka buɗe asusu ka danna "na yarda" a kan sharuɗɗan da ba ka karanta ba, a ciki suka ce kada a dogara da shi a madadin ƙwararre. Wannan ya dawo da mu kan kamfanin manhaja da Abban Hanifa ya tambaya. A Amurka sashe na 230 na wata doka ta 1996 ya kare dandali daga alhakin abin da masu amfani suka wallafa. A nan hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da ƙa'idoji a 2022 da suka wajabta musu sauke abin da ya saɓa doka in hukuma ta sanar da su. Don haka ku kai rahoton shafin a sauke, amma kada ku sa ran diyya daga can.

Kuma in faɗa muku mai ɗaci. Lauyan wancan ɓangare zai ce kawu baligi ne mai ilimi, likitansa ya gargaɗe shi, ya ɓoye wa iyalinsa. Kotu na iya rage diyya gwargwadon nasa sakacin. Zai kuma ce ciwon suga na shekaru ne ya ci ƙafar, da ma tana hanya. Sai likita ya zo ya ba da shaida cewa barin maganin ne ya tunzura ta.

Abban_Hanifa: Na gode ƙwarai. Na karanta wa babban ɗan kawu, shi yana kan bakansa sai an je kotu. Matar kawu kuma ta ce in aka je dole a kira yaron shaida, uwarsa kuwa tun da abin ya faru ba ta taka gidan ba, zumunci zai ƙarasa lalacewa. Kawu shi ko cewa yake ƙaddara ce a bar wa Allah.

Barista_Kongo: To haƙƙin ƙarar diyya nasa ne, ba na ɗansa ba. In ya ce a bari an bari, sai dai ku sani ƙara tana da wa'adi. Amma ƙorafi ga NAFDAC da 'yan sanda ba sai da shi ba, kowa na iya kaiwa.

Malam_Na_Kusfa: Yafe haƙƙinsa nasa ne, yana da lada. Amma bai da ikon yafe na wanda za a sayar wa garin gobe.

Mai_Zaure: Barista, ni fa tsoro ya kama ni. In wani ya turo irin wannan a nan, ni mai kula da zaure zan shiga ciki?

Barista_Kongo: Asali laifi na wanda ya aikata ne ko ya taimaka. A Indiya babbar kotun Kerala ta yanke a 2022 cewa ba a kama mai kula da guruf da abin da wani ya wallafa. Amma in an nuna maka ƙarya ce mai haɗari ka bar ta, ko ana ba ka kamasho a kan talla, labari ya canza.

Mai_Zaure: To daga yau duk saƙon magani sai ya bi ta hannun Likita Hanwa ko Famasis kafin a saka. Wanda ya saɓa zan cire shi.

Likita_Hanwa: Ranka ya daɗe, da wane lokacin? Kuma ka ga in na ce "wannan ya yi" na ɗauki nauyin da Barista ke magana ke nan, ni da ke da lasisin da za a ƙwace.

Amaryar_Gyallesu: Da wannan dokar tana nan, da saƙon nas ɗin da ya ceci yayata yana can yana jiran sa hannu.

Jikan_Wanzami: Ni ban yarda a ba 'yan asibiti kaɗai wuƙa da nama ba. In za a yi kwamiti a sa Malam, a sa ɗaya daga cikinmu. In ba haka ba Mai Zaure ka fara cirewa da ni.